Mutum-mutumin nan mai tumbi da kullum yake dariya

Duk wanda ya taɓa zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin sarin kaya ya san shi. Kana shiga shago ko gidan cin abinci za ka gan shi a kan kanta kusa da inda ake biyan kuɗi, ƙaton tumbi a waje, kai ƙwal ba gashi, baki har kunne. Ni dai shekara da shekaru na ɗauka shi ne Buddha ɗin da ake faɗa, har nake ce wa abokan tafiyata kai mutanen nan sun huta, wanda suke bi ma ɗan raha ne. Sai ran nan wani yaro da ke mana tafinta ya dube ni yace Alhaji ai ba shi ba ne. Nace to wane ne?

Ashe wani malamin zuhudu ne ɗan ƙasar Sin da ake kira Budai, ya rayu a wajen ƙarni na 10 a yankin Fenghua, sunan ma yana nufin jakar tsumma saboda buhun da yake yawo da shi, yara na binsa. Daga baya mutane suka ce ai shi ne Maitreya, Buddha mai zuwa nan gaba. Shi kuwa Buddha na asali, Siddhartha Gautama, wanda ya kafa addinin Buddha, ɗan sarki ne daga iyakar Indiya da Nepal ta yanzu, ya riga wannan da fiye da shekara 1,000, kuma in ka duba gumakansa ba ya dariya sam, ɗan murmushi ne kawai wanda sai ka ƙura ido za ka gani.

Wannan abu ya tsaya min a rai, na dawo gida na yi ta karance-karance (ni ba mabiyin addinin ba ne, kar wani ya fara min wa'azi, son sani ne kawai) kuma abin da na tarar a tsofaffin nassoshinsu ya ban mamaki, don wallahi ba su da sauƙi a kan dariya ko kaɗan.

Malaman ɓangaren Theravada, irin na Tailan da Sri Lanka da Myanmar masu sa mayafi ruwan goro, dokoki 227 suke bi. A ciki akwai wadda ta hana su ƙyalƙyala dariya in sun shiga cikin gari, akwai kuma wadda ta hana cakulkuli. E, cakulkuli da ka sani. Wai wasu malamai shida da suka yi suna wajen rashin ji suka kama wani ƙaramin ɗan'uwansu suna masa cakulkuli, yana dariya yana dariya har numfashinsa ya ɗauke ya mutu, daga nan aka kafa dokar. Akwai kuma inda Buddha yake cewa a tarbiyyarsu waƙa kuka ce, rawa hauka ce, yawan dariya ana washe haƙora kuwa yarinta ce, in abu ya faranta maka murmushi ya isa. Sai wani baiti da ke tambaya wai dariyar me, murnar me, alhali duniya tana ci da wuta.

Amma wanda ya fi tsaya min shi ne labarin Talaputa, shugaban 'yan wasan kwaikwayo, ka ɗauka kaman babban ɗan kama ne a kasuwa. Ya zo yace ya ji magabatansa na cewa mai sa jama'a dariya in ya mutu cikin alloli masu dariya zai tashi, gaskiya ne? Buddha yace bar wannan tambayar. Ya sake, yace bar ta. Da ya nace a karo na uku sai ya faɗa masa cewa mutane dama suna fama da kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu, kai kuma kana ƙara musu, kana maye kana sa su maye, makomar irin wannan wuta ce da ake kira ta dariya. Bawan Allah ya fashe da kuka. Ni ma da na karanta jikina ya yi sanyi don ina ganin hukuncin ya yi tsauri, mutum ya wuni yana ɗauke wa talakawa damuwa a ce ladansa kenan? Har yanzu ban gama yarda ba.

Malamansu na baya ma har matakai shida suka yi wa dariya, daga murmushin da haƙori ba ya fita har zuwa wadda mutum ke tuntsirewa yana riƙe ciki, suka ce Buddha na farkon kawai yake yi. Kuma in ya yi, hadiminsa Ananda sai ya tambaya me ya faru, don ya san ba ya murmushi a banza. Duk Bahaushen da ya zauna gaban malam a zaure wannan ba zai zama masa baƙo ba, mu ma an karantar da mu cewa yawan dariya na kashe zuciya.

To ina mai tumbi ya shigo? Da addinin ya tsallaka Sin da Japan sai ɓangaren Chan, wanda Japanawa ke cewa Zen, ya mayar da barkwanci kayan aiki. Labarin da suke jingina asalinsu gare shi ma murmushi ne: Buddha ya ɗaga fure bai ce uffan ba, duk taron aka yi tsuru-tsuru sai almajirinsa Mahakasyapa kaɗai ya yi murmushi, aka ce shi ne ya gane. Akwai wani tsohon malami Zhaozhou, ya rasu a 897, sabon almajiri ya zo da zumuɗi yace a koya masa hanya, yace ka sha kununka? Yace na sha. Yace to je ka wanke kwanonka. Shi kenan darasin! Na yi dariya da na karanta, daga baya na ga ai ni aka tsokana, mu da muke son a ba mu wani babban sirri alhali kwanon da muka ci abinci yana nan ƙudaje na bi.

A nan ne na ga inda zancen ya rabu. Dariyar Talaputa tana sa ka manta da kanka na ɗan lokaci ka koma gida yadda ka fito, ta Zhaozhou kuwa tsirara take maka, girman kan nan na "ai ni mai ibada ne" take fasawa. Kuma duk wanda ya taɓa zama da masu yawan ibada ya san wannan cutar, mutum ya murtuke fuska kaman an aiko masa da mutuwa don dai a ce ya kai. Ajahn Chah na Tailan, wanda ya rasu a 1992, yana cikin masu tsananin bin dokokin nan 227 amma almajiransa sun fi tuna shi da zolaya. Ana ba da labari ya nuna musu wani ƙaton dutse yace yana da nauyi? Suka ce sosai ma. Yace in ba ku ɗauka ba fa? Shi kuma Dalai Lama, jagoran mabiya Buddha na Tibet, da ya baro Tibet tun 1959 yake zaman gudun hijira a Dharamsala ta Indiya, ka kalli bidiyonsa da marigayi Desmond Tutu, babban limamin cocin nan na Afirka ta Kudu, a 2015, tsofaffi biyu suna tsokanar juna kaman abokan wasa, ɗaya ya rasa ƙasarsa ɗaya ya sha wariyar launin fata, haƙora duk a waje, ba maganar matakin farko a nan.

Zuwana na ƙarshe na sake ganin mai tumbin a wani shagon takalma, cikinsa har ya goge yana sheƙi don shafawar da mutane ke yi suna neman sa'ar ciniki. Mutumin da duk dukiyarsa buhu ɗaya ce, yau shi ke gadin akwatin kuɗi. Na tsaya ina kallonsa na sheƙe da dariya ni kaɗai, mai shagon ta ɗauka farashin nake wa dariya ta rage min yuan 2 a kowane takalmi.