Ƙannena masu busa, ku sassauta yatsu

Ciwon hannun mai busa ba a ranar Sallah yake farawa ba, a makonnin da suka gabace ta ne. Mu nan Garwa, mutum zai ajiye sarewa ko algaita wata da watanni, sai an ga watan Sallah ya matso ya ɗauko, ya wuni yana busa don kada ya ji kunya a ƙofar Lamiɗo. Haka na yi shekara da shekaru, har na wayi gari ba na iya riƙe kofin shayi da hannun dama.

Babban abin da ya cuce ni shi ne danne ramuka da ƙarfi. Na ɗauka sai an matse sauti zai fito tsaf, alhali tudun yatsa kawai ake ɗorawa ya rufe iska. In ka ga farcenka ya yi fari wajen busa, ƙarfin ya yi yawa. Tsokar da ke lanƙwasa yatsu tana can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ne, kuma jijiyoyinta 9 suna bi ta wata ƴar ƙunƙuntar hanya a wuyan hannu, tare da jijiyar da ke kai ji zuwa babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na zobe. Ka lanƙwasa wuyan hannu kana busa, hanyar ta ƙara tsukewa, kamar igiyar guga da ke gogar bakin rijiya. Shi ya sa waɗannan yatsun ke mutuwa cikin dare har su tashe ka. In kuwa ƙaramin yatsa ne ke mutuwa, to duba gwiwar hannu, wata jijiyar ce ke bi ta can.

Saboda haka wuyan hannu ya miƙe, kafaɗa ta sauka, a kawo sarewa wurin baki maimakon a sunkuya mata. Bayan minti 20 ko 30 a ajiye ta, a huta minti 5. Da sanyin hunturu, a ɗumama hannu da ruwan ɗumi kafin a fara. Wanda ke tuƙa babur da rana kuwa, ya sani hannunsa ya riga ya yi aiki kafin ya taɓa sarewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tramol. Wani abokin sana'a ya miƙo mini, na sha, zugin ya lafa, na ci gaba da busa a kan ciwo, na ƙara ɓata hannun. Don Allah, ƙannena, kada ku kusance shi. Gashi da ruwan ɗumi da shafa man kaɗanya suna sanyaya tsamin tsoka, amma ba sa buɗe jijiyar da ta matse. In mutuwar yatsu ta kai mako biyu, ko abu ya fara suɓuce muku daga hannu, ku ajiye busa ku je asibiti likita ya duba.