Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na tashi sayar da abin da na je saye

A makon jiya na tsaya inda jirgin Habasha ya sauke ni a Gwanzu ta ƙasar Sin, cikin watan Oktoba na 2013, ina da shekara 41 a duniya, daga ni sai jakar hannu da takardar da Alhaji ya rubuta mini lissafin yadin da zan yo masa oda. Kafin wani ya gyara mini: na sani, idan masu garin suka faɗi sunan, ya fi kama da "gwanjo". To amma ni da na yi shekara ashirin a Kantin Kwari ina sayar da sabon yadi, ba zan yarda a ce na tafi gwanjo ba. Gwanzu muke cewa a kasuwa, haka zan ci gaba da rubutawa.

Na sauka a Shiyawbe, unguwar da baƙar fata suka fi taruwa a lokacin. Lokacin babban baje kolin Kanton ne, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, gari ya cika maƙil, kuɗin ɗaki ya tashi. A bakin titi ka ji Bambaranci, ka ji Faransanci, ka ji Ibo yana waya da ƙarfi kamar a Sabon Gari. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya karya mini gwiwa shi ne allunan shaguna. Ni ba ɗan boko ba ne, firamare na gama sai makarantar allo, amma tun ina yaro ban taɓa kallon rubutu na kasa ko da haɗa baƙi ba. A Makka na karanta, a Kwatano na lallaɓa na karanta. A nan kuwa sai na koma kamar jaki a gaban allo.

Makon farko da kalkuleta na yi magana. Mai kaya ya danna farashi ya miƙo, in girgiza kai in goge in danna nawa, ya dafe ƙirji kamar na soke shi, ya sake dannawa. Wannan harshen kowa ya iya shi. Sai dai kalkuleta ba ta cewa launin nan ya yi duhu, ba ta tambayar ko yadin yana zuba idan an wanke, ba ta kuma jin abin da mai shago ya juya ya gaya wa matarsa har suka yi dariya. Don irin wannan Alhaji ya haɗa ni da tafinta, wani yaro ɗan ƙasarmu da ya yi karatu a can. Yaro mai ladabi, kullum "Baba, kawo jakar", "Baba, ka ci abinci?" Ni ma na sake da shi. Duk inda muka shiga shi ne bakina, shi ne kunnena. In yi magana ta daƙiƙa biyar, ya yi ta minti biyu, in tambaye shi me ya ce, ya ce, "Gaisawa kawai muke yi, Baba."

Malamina na farko mai sayar da taliya ne. Akwai irin waɗannan shagunan ko'ina a ƙasar, na Musulmin arewa maso yamma, masu farar hula, suna jan ƙullu da hannu har ya zama zare, a zuba romon naman sa. A saman ƙofarsu akwai baƙi biyu, galibi a kan koren allo, ana karanta su "cin jan", ma'ana halal. Su ne rubutun Sinanci na farko da na haddace, yunwa ce ta koya mini su. Mai shagon da nake zuwa dattijo ne, ya ɗan taɓa Larabci a masallacin garinsu. Na yi masa sallama ya amsa cikakkiya, har da wa barakatuhu. Daga ranar na samu wurin zama bayan isha'i. In nuna abu, ya faɗi sunansa, in rubuta da ajami a bayan littafin lissafina, don hannuna ya fi sauri da shi, kuma da wasali nake gane inda zan ja.

A haka na tara jarina: "do sha ciyan", nawa ne, "tai gwai la", ya yi tsada, "lawban", maigida, "me yo", babu, "tin bu don", ina ji amma ban gane ba. Wannan ta ƙarshen ita na fi kashewa. Akwai kuma kalmar aboki, wadda da harafin nan na Turawa, "p", take farawa, wanda bakin Bahaushe ke mayarwa "fa". Na yi wata guda ina cewa "fanyo", dattijon yana kama leɓɓansa yana nuna mini yadda ake rufe su a fasa da iska. Jikansa ɗan shekara shida ya riƙa faɗuwa ƙasa don dariya. Ga ni da furfura a gemu, ina da 'ya'ya bakwai, yaron da bai kai autana ba yana gyara mini baki. Wallahi da ciwo. Wanda duk ya ce maka babba yana koyon harshe ba tare da ya haɗiye girmansa ba, bai gwada ba ne.

Ranar da na ce bari in gwada ƙarfina ni kaɗai, tafinta ya ce yana da uzuri. Na shiga wani shagon shadda, na gaisa, na ɗaga wani yadi da na zo da samfurinsa daga Kano, na ce da matar, a nufina, ina so in sayi irin wannan. Ta dube ni, ta dubi ƙyallen, ta kaɗa hannu: ba ma so. Na maimaita da ƙarfi. Ta kira mijinta, shi ma ya kaɗa hannu, ya nuna mini tulin kayansu, alamar mu ma muna da shi, me za mu yi da naka? Na fito raina a ɓace, na ɗauka don baƙar fatata ce.

Da dare na ba dattijo labari da hannu da baki. Ya ce in faɗi abin da na faɗa. Na faɗa. Ya yi dariya har ya cire hula. Ashe saye da sayarwa a harshensu duk "mai" ne. Idan muryarka ta nutsa ƙasa ta ɗan taso, saye kake. Idan ta faɗo daga sama kamar mai tsawa, sayarwa kake. Ni kuwa da zafin ciniki na bugo ta daga sama. Wato na tsallake ƙasashe na je na tsaya a gaban masu yin shadda ina tallata musu ƙyalle ɗaya.

Ya ɗauko takarda ya zana mini layi huɗu: ɗaya a miƙe, ɗaya mai hawa, ɗaya mai nutsawa ya taso, ɗaya mai gangarowa. Ya ce "ma" sau huɗu: uwa, rama, doki, zagi. Na koma masauki ina cewa wannan wane irin harshe ne, mutum ya ɗan karkata murya ya kira uwarsa doki.

Ina kwance na kira gida. Uwargida tana ba ni labarin auta ya kwana yana kuka, sai kuma ta ce in an samu mai zuwa za ta aiko mini da kuka da daddawa, tunda na ce taliya ta ishe ni. Na tashi zaune. Na ce, "Maman Abba, sake faɗa." Ta ce, "Me zan sake faɗa?" Na ce, "Kukan yaro, da kukar miya." Ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Ko abincin mutanen nan ya fara taɓa ka?" Ku ma ku faɗa da bakinku yanzu, ku saurara. Na farko muryar a sama take tafiya har ƙarshe, na biyun tana saukowa. Ku gwada wuyan riga da shan wuya. Ku gwada Baba mahaifi, da Baba 'yar'uwar mahaifi, da baban rini na Ƙofar Mata. Shekara 41 ina wannan hawa da sauka, ban taɓa sanin ina yi ba, domin ba a rubuta shi a boko, malaminmu na firamare kuma bai taɓa ambata ba. Sai da na je ƙasar Sin na ji Hausa da kunnena.

Daga nan abin ya canza. Na daina haddace kalma tsurarta, na koma haddace ta da waƙarta, yadda muke ɗaukar karatu daga bakin malam kafin mu san fassara. Na ga Larabawa da Turawa a kasuwar nan waɗanda suka fi ni yawan kalmomi nesa ba kusa ba, amma muryarsu a shimfiɗe kamar tabarma, sai an yi ta "a? a?" kafin a gane su. Ni kalmomina ba su kai ɗari biyu ba, amma in na faɗa ana juyowa.

Ƙirga ce ta fi ba ni wahala, ita ce kuma na fi buƙata. Huɗu "si" ne, goma "shi", to mutanen kudu da yawa ba sa bambanta su a baki, duk "si" za ka ji, sai dai muryar: huɗu na faɗowa, goma na hawa. Sha huɗu da arba'in kuwa juya su kawai ake yi. Ga kuma "wan", dubu goma, wanda da shi suke ƙirga manyan kuɗi, dubu ɗari a wurinsu "wan" goma ne. Wannan bai ba ni tsoro sosai ba. Wanda ya saba da mutanen Maraɗi masu ƙirga sefa da dala, ya kuma tashi ya ji iyayensa suna kiran naira 200 jaka guda, ya san kuɗi na da suna biyu. Na riƙa bin lambobin motoci a titi ina karantawa a zuci, har a hanyar masallacin Juma'a, wanda ke kusa da kabarin da mutanen garin ke cewa na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ne, ko da yake a littattafanmu a Baƙi'a ta Madina aka rufe shi.

Duk wannan ban gaya wa tafinta ba. Ba don wani zargi ba, kunya nake ji kada ya ji ni ina kwaɓawa.

A mako na shida muka je wurin wani mai kamfani don kammala odar Alhaji, kwantena guda. Aka kawo shayi a 'yan ƙananan kofuna, ina kurɓa ina kallon bango kamar kullum. Suka yi ta magana, ina tsintar ɗaya ina zubar da goma. Can sai na ji mai kamfanin ya ce "shi kwai", muryar tana hawa sarai. Kwai shi ne sunan yuwan, kuɗin ƙasar, a kasuwa. Goma ke nan kowane yadi. Yaron ya amsa da wata doguwar magana, a cikinta na tsinci "lawban", na tsinci "tin bu don", suka yi 'yar dariya. Sannan ya juyo da fuskar nan tasa ta ladabi ya ce, "Baba, na yi iya ƙoƙarina, ya ce sha huɗu, ba zai rage ko sisi ba."

Na ajiye kofin. Hannuna yana rawa, shayin ya ɗan zuba a kan tebur. Na dubi mai kamfanin, ban dubi yaron ba, na haɗa yatsuna biyu na gicciye su yadda dattijo ya nuna mini alamar goma, na ce, "Lawban, shi kwai?"

Ɗakin ya yi tsit. Abin da mai kamfanin ya yi, da wayar da Alhaji ya bugo mini ƙarfe biyun dare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.