Idan layi ɗaya ya fito

Ƙannena, mu da muka tashi a zamanin kulorokwin, duk jikin da ya yi zafi sunansa maleriya. Sai a leƙa kemis a ce "haɗa min na zazzaɓi", a ƙullo a leda. Da wannan na girma, har na kai shi kan 'ya'yana.

Gwajin gaggawar nan na maleriya, RDT, ba shi da wuya. A soki kan yatsa, a ɗiga jini a ramin 'yar farar roba, a ƙara ruwan gwaji, a jira minti 15 zuwa 20. Layi biyu, akwai maleriya. Layi ɗaya a wajen harafin C, babu. In layin C ɗin bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sake. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani.

Ni na yarda a gwada, sakamakon ne na raina. Wata damina 'yata ta kwanta, aka duba, layi ɗaya. Na ce wannan 'yar robar ba za ta fi ni sanin 'yata ba, na sayo maganin maleriya na ACT na ɗura mata. Magani ya ƙare, jiki bai huce ba, ga numfashi sama-sama, ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa duk ta ja iska. A asibiti aka ce nimoniya ce, wadda maganin maleriya ba ya taɓawa. Kwanakin da na ɓata, su suka kai mu ga kwanciya.

Layi ɗaya ba ya nufin lafiya lau. Yana nufin a ci gaba da nema: ƙirji, kunne, maƙogwaro, fitsari, ƙyanda, ko sanƙarau in lokacin zafi ne. Ku tambayi ma'aikacin lafiya, "To mene ne?" Kada ku yarda da "maleriya da taifot" da ake yanka wa kowa ba bincike.

In kun sha maganin maleriya kwanan nan, ku faɗa, domin gwajin kan nuna layi biyu makonni bayan an warke. In kuma maleriyar ce, Coartem, ɗaya daga cikin magungunan ACT, sau 6 ake sha cikin kwana 3, da madara ko abinci mai maiƙo, ko da jiki ya yi sauƙi tun rana ta biyu.

Yaron da ke jijjiga, ko ya ƙi nono, ko yake amayar da komai, asibiti za a nufa da shi kai tsaye, ko cikin dare ne.