Anya Wannan 'Yar Lita Biyun Za Ta Ja?

Aikinmu shi ne shirya motocin a-kori-kura domin lodi da jan tirela. Mu ɗaura ƙugiyar ja, mu haɗa wayar fitilu da ta birkin tirela, mu duba sifirin da tayoyi. Kusan duk wanda ya kawo mana mota mai ƙaramin inji, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, anya wannan 'yar lita biyun za ta ja?"

Ba na ganin laifinsu, don ni ma a kan wannan tunanin na taso. Ina yaron gareji, maigidana yakan ce inji kamar ciki ne, iya girmansa iya abin da zai ɗauka. A zamaninsa kuwa gaskiya ya faɗa. Tsohuwar Hilux mai injin dizal 5L lita 3 ce cur, babu tabo (turbo, na'urar da ke ƙara wa inji iska), ƙarfin murɗawarta wajen Nm 200 ne kawai (Nm shi ne ma'aunin wannan ƙarfin). In ka cika ta da kaya ka doshi tudu, dole ka dawo giya biyu, inji na ta kuka kamar ya yi magana.

Yanzu dubi Ford Ranger mai lita 2 da tabo biyu: Nm 500 take bayarwa, alhali yayarta mai lita 3.2 da silinda biyar a 470 ta tsaya. Isuzu D-Max mai lita 1.9 an yarje mata ta ja kilo 3,500 in tirelar na da birkinta. Can Amurka ma, inda ake ji da manyan injuna, a 2015 Ford ta sa wa F-150 inji mai lita 2.7, ta mai da jikin motar na alminiyam, nauyinta ya ragu da kusan kilo 300. Sirrin tabo ne. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya shi, shi kuma ya dinga cusa iska cikin silinda, sai ƙarfin ya zo tun inji bai ɗaga murya ba. Ga giyabos mai giya goma a irin su Ranger ɗin nan, kullum akwai giyar da ta dace da nauyin. A hanyar tsaunuka kuwa, inda iska ke da ƙaranci, inji marar tabo ne ke fara haki.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne nauyin da motar kanta za ta ɗauka. Kafin in taɓa noti ko ɗaya, sai na buɗe ƙofar direba na nuna wa mai mota lambar da kamfani ya manna a jiki. A ce an rubuta kilo 1,000. Tirela mai kilo 2,500 za ta danna ƙugiya da wajen kashi goma cikin ɗari na nauyinta, kilo 250 ke nan sun tafi. Ƙarti huɗu sun shiga, cire 300. Saura 450 kacal na bayan mota. Kuma ba a cika baya maƙil sannan a ja kilo 3,500 a lokaci guda, domin akwai iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Tirela marar birki kuwa, yawanci kilo 750 ce iyaka, ko injin jirgi ka sa. Wani abin mamaki, a mota iri ɗaya, mai ƙaramin inji takan fi ɗaukar kaya, tunda injin bai cinye mata nauyi ba.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Ƙaramin inji mai aiki tuƙuru zafi yake tarawa, kuma da ka ɗaura masa kaya, tsimin man da aka yi maka alkawari ya tafi. Shi ya sa gwajin da kamfanonin Amurka ke bi, SAE J2807, ya haɗa da hawan tudun Davis Dam a Arizona, kusan kilomita 18, cikin zafin da ya kai digiri 38, na'urar sanyaya mota a ƙure. Mu ma motar da za ta yi ja ba ta barin hannunmu sai mun wanke lagireto, mun duba baƙin mai da man giya, mun kuma ja wa direba kunne ya bar inji ya huce minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe.

To amma duk wannan, sai mutum ya tsaya yana ciniki, wai wani mai walda ya ce zai yi masa a rabin kuɗi. Na san irin aikin. Su liƙa ƙarfe a jikin bamba, su shafa baƙin fenti, su ƙara ganyen sifirin biyu, su ce motar ta zama mai tan biyu. Sifirin ya hana baya zaunawa, gaskiya ne, amma birki da aksul da taya suna nan yadda suke. Ƙugiyar farko da na ɗaura, maigidana sau uku ya sa na kwance ta, don na ɗaure noti da ƙarfin hannu ban sa sifanar awo ba. Har yau a jikin shasi muke ɗaurawa, a ramukan da kamfani ya tanada, da noti mai lambar ƙarfi 10.9.

Kwanan baya wani da ya tafi wajen mai rabin kuɗin ya dawo. Bamba na kwance a bayan mota, ƙugiyar na manne da ita, waldar ko gezau. Tirelar kuma ya baro ta a gangare. Ya ce, "Malam, ina jin injin ne ya yi mata kaɗan." Na ce ya buɗe ƙofar direba mu fara daga nan.