Tarihin Baba Tsohon Soja, Kashi na Shida: Gammo a Kwarin Kaladan

A makon jiya mun bar Baba, Allah ya jiƙansa, ya sauka daga jirgin ruwa a Bombai ta ƙasar Indiya a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, bayan sun taso daga Ikko sun zagayo ta Afirka ta Kudu. Yau za mu shiga dajin Bama (Myanmar ta yau) tare da shi, inda suka yaƙi Japanawa.

Rundunarsa ita ce ta 81 ta Afirka ta Yamma, mai tambarin baƙin gizo-gizo. Jikokinsa da yawa sun taso suna zaton harbi ne aikinsa na farko, alhali ɗaukar kaya ne. Yana cikin ayarin masu dako da aka haɗa wa kowace bataliya, domin kwarin Kaladan ba hanyar mota gare shi ba, tsaunuka ne da gora da rafuffuka. Harsashi, shinkafa, rediyo, sassan babbar bindigar nan mai harba bom (mortar) da aka kwance, duk a ka suke tafiya. Ƙa'idar kayan mutum ɗaya wajen kilo 18 ne, ban da bargonsa da addarsa da gorar ruwansa. Kada wanda ya raina wannan aiki. Ranar da mai dako ya kasa, mai bindiga ba shi da abin harbawa.

Gammo kuwa ilimi ne. Baba yakan naɗe tawul ko yankin bargo tamau, ya bar rami a tsakiya daidai tsakar kai. In ya yi laushi, akwatin harsashi zai zauna a ƙashi, kafin azahar wuya ya sage. In ya karkace, nauyin ya koma gefe guda, mutum ya zame a gangare. Buhun shinkafa ya fi akwati daɗin ɗauka da safe, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙara nauyi, ya riƙa lanƙwasa yana rufe ido. Shi ya sa ake ɗaure shi da igiya gida biyu kafin a aza. A wurin hawa, ba a ɗaga kai a dubi tudu. Ana duban dugadugan na gaba ne, hannu ɗaya a kaya, ɗaya a gora.

Abinci daga sama yake zuwa. Sai a sare fili a bakin rafi ko a gonar shinkafa da ta bushe, a shimfiɗa ƙyallaye don alama, a tayar da hayaƙi. Jirgin Dakota ya zo ya yi ta kewaya yana zubarwa. Harsashi da gwangwanaye da lemar sauka (farashut) suke saukowa. Shinkafa kuwa jefo ta ake yi haka nan, cikin buhu biyu, don in na ciki ya fashe na waje ya riƙe. Nan ne haɗarin: buhun da ba lema ba ya jin kira, kuma ya kashe mutane. Doka ita ce kowa ya tsaya a bakin daji sai jirgi ya gama zagayensa, sannan a ruga a kwashe, a ɓoye lemomin da sauri don kada Japanawa su gane wurin. Da adda da shebur kuma suka riƙa share ƙananan filaye inda ƙaramin jirgi zai sauka ya ɗauki masu rauni.

Cuta ta kwantar da mutane fiye da harsashi. Kullum akwai ƙwayar mefakirin ta zazzaɓin cizon sauro, a gaban saje ake haɗiye ta, domin jita-jita ta bazu cewa tana kashe mazakuta, wasu suna ɓoyewa a kunci su tofar. Waɗanda suka tofar su zazzaɓi ya fi kayarwa. Sai matsattsaku, masu shiga ta ramin igiyar takalmi. Ba a fizge su, don bakin yakan bar rauni ya zama gyambo. Gishiri ake barbaɗa musu ko a kusanta musu wutar taba su saki da kansu. Da yamma kowa ya cire takalmi, ya shanya ƙafa, ya duba tsakanin yatsu.

Sun kai garin Kyauktaw a farkon 1944, Japanawa suka juyo musu da ƙarfi a watan Maris, aka ja da baya. Bayan damina suka sake gangarowa kwarin, har suka haɗu da runduna ta 82 aka karɓi garin Myohaung a Janairun 1945. Sunan nan yana kan bariki a Ikko har yau, kamar yadda Dalet da Kalapanzin suke a Kaduna. Tambarin runduna ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye a kan gammo, abin da Baba ya riƙa nuna wa 'ya'yansa da alfahari ko da yake ba tasa ba ce.

Dajin nan bai bar hannunsa ba har ya haura shekara casa'in. Yaron gidansa ba ya kwana da jiƙaƙƙiyar ƙafa. 'Yarsa ba ta tafiya ɗakin miji sai shi da kansa ya ɗaure kayan, ya jijjiga ya ji ba abin da ke motsi. In jika ya ɗauko tulu da gammon da bai yi masa ba, sai ya sauke masa, ya warware, ya sake naɗawa a gabansa a hankali, ya aza masa, ya sa shi ya je bakin zaure ya dawo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu: dogon jiran jirgi bayan Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, da ranar da ya sauka a tashar jirgin ƙasa a 1946 ya tarar an riga an yi masa sadakar arba'in.