Inda dusar ta fi kyau ba a nan gari yake ba

Ƙanena da ke karatu a Lyon ta Faransa ya bugo mini waya makon jiya. Wai yana da hutun kwana biyar a watan Fabrairu, kuma abokansa sun matsa lamba sai sun je wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. "Yaya, ina ne ya fi?" Na ce ya bari in zauna in rubuta, don ba shi kaɗai ke yi mini wannan tambaya ba.

Ni ɗan Damagaram ne, kuma har na haura shekara talatin ban san wata ƙanƙara ba sai ta firji da wadda ke faɗowa tare da ruwan sama. Aiki ne ya kawo ni Grenoble, garin da tsaunuka suka yi wa zobe. A Chamrousse na koya, kimanin kilomita 30 daga gari, inda Jean-Claude Killy ya kwashe zinare uku a gasar Olamfik ta 1968. Ni kuwa ƙasa na yi ta sha a wurin, in dai ana kiran dusa ƙasa, yara 'yan shekara biyar suna wuce ni a jere kamar 'ya'yan agwagwa. A nan na san cewa hanyoyin gangarowa launi ake ba su: kore na 'yan koyo, shuɗi, ja, sannan baƙi na waɗanda suka isa. Yau hunturu na bakwai ke nan, kuma ni mutumin ja ne. Baƙi sai in rana ta yi kyau kuma babu mai kallona.

In dusa kawai ake nema, babu gardama, Val Thorens ne. Ƙauyen kansa yana kan mita 2,300, babu wurin zamiya a Turai da matsuguninsa ya kai shi tudu, shi ya sa ake buɗewa tun ƙarshen Nuwamba har farkon Mayu. Na je a watan Afrilu, lokacin da wuraren ƙasa-ƙasa duk sun koma abin da Faransawa ke kira miya, wato dusar da rana ta narkar ta zama caɓi, mai riƙe ƙafa kamar laka. A can sama kuwa na tarar da ita a bushe, tana ƙara ƙiris-ƙiris a ƙarƙashin allo, wato dogon siririn abin da ake ɗaurawa a kowace ƙafa don zamiya. Daren da ta zuba sabuwa, da safe sai ka ɗebo ta a tafin hannu ka hura ta tashi kamar garin gero. A ƙofar masauki kake ɗaura allunanka, a ƙofar kuma kake kwance su. Wurin yana haɗe da Méribel da Courchevel, hanyoyi kilomita 600 da tikiti guda, kana iya wuni ba ka maimaita gangara ɗaya ba. Hanyoyin masu faɗi ne, injuna suna bi da dare suna daɓe su.

Amma wannan tudun yana da farashinsa. Itace ba ya tsira a can, ko ɗaya. Ranar da gajimare ya sauko sai sama da ƙasa su zama abu guda fari fat, ya fi hazon hunturun gida muni, don a hazo aƙalla kana ganin inda za ka taka. Na tsaya cak a tsakiyar hanya shuɗiya ina jin kamar ina tafiya, jiri ya kwashe ni, na zauna daɓas. Wani dattijo ne ya nuna mini in riƙa bin sandunan gefen hanya ɗaya bayan ɗaya. A inda ake da itatuwa, duhunsu ne ke nuna wa ido tudu da kwari. Daren farko kuma kaina ya yi ta sarawa saboda ƙarancin iska.

Sannan da yamma, bayan an tsayar da kujerun igiya masu ɗaukar mutane zuwa saman dutse, sai ka duba ka ga babu gari. A farkon shekarun 1970 aka gina wurin a kan fili, don zamiya kaɗai. Dogayen gidajen haya ne, da shagunan hayar kaya, da mashaya masu kiɗa kamar za su tsaga dutse. Ga wanda ba ya sha, daga magariba sai ɗaki da talabijin. Kwana huɗu na yi, ban haɗu da mutum ɗaya da ya ce a nan aka haifi kakansa ba.

Chamonix, da ake furtawa Shamoni, kishiyar wannan ne ta kowace fuska. Gari ne na gaske a cikin kwari, a kan mita 1,035 kacal, da makarantu, da kasuwar Asabar, da tsofaffi masu jan kwandon cefane. A tsakiyarsa akwai mutum-mutumin Jacques Balmat yana nuna ƙololuwar Mont Blanc da yatsa. Shi da likita Michel Paccard ne suka fara taka ta a 1786. Ƙungiyar 'yan jagorar dutse ta garin tun 1821 take, kuma a nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Ba sai an faɗa maka ba, kana shiga za ka ji cewa garin ya riga wasan zuwa.

Zamiyar ce dai ke da wahalar sha'ani. Wuraren a warwatse suke a tsawon kwarin, ba su haɗe ba, sai ka saɓi alluna ka shiga bas da takalman nan masu nauyi kamar an ɗaura maka turmi a ƙafa. Dusar kuma ta danganta da inda gangaren ya fuskanta. Brévent da Flégère suna kallon kudu: rana tana dukansu, da safe ƙasa tauri kamar daɓe, da azahar ta yi laushi, amma Mont Blanc yana gabanka sosai har ka manta da abin da ya kawo ka. Grands Montets yana kallon arewa, inuwa ce da sanyi, dusarsa tana daɗewa da kyanta, sai dai gangaren a miƙe yake ba wasa. A can na yi faɗuwar da ba zan manta ba. Laifina ne, na bi wani abokin aikina da aka haifa a kan allo, na shiga ja mai tudu-tudu da ƙarfe uku, cinyoyina sun riga sun mutu. Allo ɗaya ya yi gabas, sanda ta yi yamma, ni kuma na gangara da baya har sai da wani tudun ya tare ni. Wata yarinya ce ta kawo mini allon, ta ce, "Lafiya dai, malam?" da Faransanci, ta wuce kamar iska.

Washegari ban ɗaura komai ba. Na hau akwatin igiya zuwa Aiguille du Midi, mita 3,842, cikin minti ashirin ko makamancin haka. Daga can masu zuciya ke sauka ta wani siririn doron ƙanƙara, riƙe da igiya, su bi Vallée Blanche, kusan kilomita 20 a kan kogin ƙanƙara mai ramuka, shi ya sa mai hankali ba ya shiga sai da ɗan jagora. Na leƙa, na yi salati, na koma ciki na sayi shayi. Da rana na hau ɗan jan jirgin Montenvers na je ganin Mer de Glace, babban kogin ƙanƙarar wurin. A jikin dutsen an kafa alluna masu nuna inda ƙanƙarar ta kai a shekarun baya, ina sauka ina wuce su, ita kuwa tana can ƙasa ta lafe a ƙarƙashin tsakuwa. Na tuna yadda dattawa ke ba da labarin Tafkin Chadi.

Zermatt, a Suwizalan, sau ɗaya na je, kuma aljihuna bai yafe mini ba har yau. Mota a Täsch ake barinta, a ƙarasa da jirgin ƙasa cikin minti 12, don a garin sai 'yan motocin lantarki. Dusa tana da tabbas, tunda igiya tana kai mutum har mita 3,883, kuma kana iya gangarawa Cervinia ta Italiya ka ci taliya ka dawo, muddin ba ka makara an rufe ba. Dutsen Matterhorn, mita 4,478, yana tsaye shi kaɗai kamar an fere shi da wuƙa. Amma abin da ya tsayar da ni a wani lungu ne na tsohon gari: rumbunan katako da suka yi baƙi don tsufa, an ɗora su a kan ƙafafu, kowace ƙafa da faffaɗan dutse kamar faifai don kada ɓera ya hau. Na daɗe a gabansu. Rumbun kakana ma a kan duwatsu yake zaune. Ga gari, ga dusa, ga tarihi, sai dai kuɗin kwano ɗaya na miya ya isa cefanen yini a Grenoble.

To ƙanena, ga amsarka. Kai da ba ka taɓa ɗaura allo ba, kilomita 600 ba su da amfani a gare ka, a kore za ka ƙare kwana biyar ɗin, kuma kafin la'asar ƙafafunka sun ce ba su san zance ba. Sauran sa'o'in a gari za ka yi su. A Fabrairu sanyi ya kankama ko'ina, saboda haka ku tafi Chamonix, ku fara daga Les Planards da ke bakin gari, ku ɗauki malami ko na safiya biyu ne. Ku kama masauki da wuri, lokacin hutun 'yan makaranta ne. In an kawo maka tartiflette, abincinsu na dankali da cuku, ka tambaya, da naman alade ake yinta, fondue kuma da giya ake dama cukunta. Ka nemi raclette, wato narkakken cuku, da dankali zalla. Ka sa tabarau ko da gajimare, hasken dusa yana ƙona ido. Man kaɗen da Inna ta aiko maka kuma kada ka bar shi a Lyon, leɓɓanka za su neme shi tun ranar farko.