Mun ɗaure idanunmu da ƙyalle, muka ɗauka mun fahimci makafi

Wata biyar ke nan da faruwar abin, amma duk lokacin da na tuna sai raina ya sosu. Ni na kawo shawarar, ni na kafe a kanta, kuma ita ta cinye mana mako bakwai na aiki.

Manhajar waya muke ginawa ta kama layin ganin likita. Mutum ya zaɓi rana da lokaci, a turo masa lambar tabbatarwa ta saƙon tes, ya shigar da ita, shi ke nan. Binciken masu amfani da manhajar a wuyana yake. Zagayen farko ya tafi lafiya lau. Mutum biyar muka gwada da su, bisa wata shawara da Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da manhajoji, ya wallafa a 2000, cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke hana a ji daɗin amfani da abu. Abin da na tsallake, alhali yana nan a cikin rubutun nasa, shi ne idan masu amfani sun kasu kashi-kashi, kowane kashi sai an ɗebo mutum uku ko huɗu daga cikinsa. Namu biyar ɗin duk matasa ne, duk idonsu garau, duk yatsunsu sun saba da waya.

Da aka zo maganar makafi da masu raunin gani, sai na ce nemo su zai ja mu lokaci, ga ranar miƙa aiki ta matso. Na ce mu ɗaure idanunmu, mu kunna TalkBack, manhajar da ke karanta abin da ke fuskar wayar Android da murya, mu ji abin da suke ji. Babu wanda ya musa. Har yabo na sha a kan na kawo dabara mai sauƙi.

Mu huɗu muka zauna, kowa da baƙin ƙyalle a fuska. Ina iya tuna yadda na ji. Na shafa yatsa dama, muryar ta faɗi kalma ɗaya ta yi shiru. Na sake shafawa, ta faɗi wata. Na rasa inda nake a shafin, gabana ya riƙa faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Na kan taɓa maɓalli sau ɗaya in tsaya jira, na manta sai an taɓa sau biyu yake aiki. Da muka kwance ƙyallen, duk bakinmu ya zo ɗaya: muryar ta cika sauri, bayanin ya yi kaɗan, mutum yana buƙatar a riƙe masa hannu daga farko har ƙarshe.

A kan wannan muka ɗora gyara. Kowane maɓalli muka ba shi dogon bayani. Wanda a da sunansa “Ci gaba” ya koma jimla guda mai gaya maka inda kake, da abin da zai faru in ka taɓa, da yadda za ka taɓa ɗin. Muka ɗauki muryar mutum tana maraba da jagora a hankali, muka sa ta tashi da kanta a farkon kowane shafi. Muka bi manhajar da Accessibility Scanner na Google, wanda ke duba ko maɓallai suna da suna, ko girmansu ya isa yatsa, ko launin rubutu ya fita daga launin bayansa. Bai sami wani abin kirki da zai yi ƙorafi a kai ba. Mako bakwai muka yi a kan wannan, ni kuwa ina alfahari da shi.

Saura kwana goma a miƙa aiki, wata ƙungiyar makafi ta haɗa mu da mutum uku. Ta farko malamar makaranta ce, makauniya tun ƙuruciya. Na miƙa mata wayar gwaji, ta ce a'a, a sa mata manhajar a tata. Da ta kunna, sai na ji wata ƙara kamar an saki kaset da gudu. Ban tsinci kalma ko ɗaya ba. Na ce, “Malama, ko a rage miki saurin muryar?” Ta ce, “Haka nake ji kullum, Malam. In an rage barci zai ɗauke ni.” Fuskar wayar ma a kashe take, baƙi ƙirin, ni da na zo kallo ba ni da abin kallo sai yatsanta.

Ta buɗe manhajar. Muryarmu ta maraba ta tashi a kan muryar TalkBack, biyu suna magana lokaci guda. Ta nemi inda za ta kashe tamu, babu. Ta ɗora wayar a cinya ta jira ta gama. A shafi na biyu ma haka. Ta yi ƙoƙarin tsallakawa daga kan magana zuwa kan magana, wato daga taken wani sashe na shafi zuwa na gaba, yadda ƙwararru ke yi don su san fasalin shafi cikin ƙiftawa, sai ta tarar ba mu yi wa ko ɗaya alamar kan magana ba. Mun dai ƙara musu girma da kauri, abin da ido kaɗai ke amfana da shi. Dole ta bi komai ɗaya bayan ɗaya, kowane maɓalli yana karanto mata doguwar jimlar da na rubuta da hannuna.

Ga inda abin ya fi ciwo. Idan mutum ya zaɓi lokaci, manhajar na riƙe masa shi minti biyu, akwai ɗan agogo a sama yana ƙirgawa. Agogon ba ya magana. Ta zaɓi lokaci, ta saurari bayananmu, ta fita ta saurari lambar a saƙon tes, ta dawo tana shigar da ita. Kafin ta gama, minti biyu sun cika. Wani jan rubutu ya fito a sama cewa lokaci ya ƙare, fom ɗin ya share kansa, TalkBack kuwa bai ce uffan ba, don ba mu sa masa alamar da za ta sa ya sanar ba. Ta ci gaba da taɓa “Tabbatar” a kan fom ɗin da babu komai a cikinsa. Sau uku ta sake daga farko. A na ukun ta ajiye wayar ta ce, “Malam, wani abu yana faruwa a nan wanda ba a gaya mini. Mene ne?”

Na gaya mata. Ta ɗan yi shiru, sannan ta tambaye ni wane makaho ne ya gwada wannan kafin ita. Na ce mu ne muka rufe ido. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, “Ai kun gwada ranar farko ta makanta ne. Ni na yi shekara talatin da wuce wannan ranar.”

Wannan maganar ita ce ta bi ni gida. Abin da muka ji a ƙarƙashin ƙyallen nan tsoro ne da rashin sabo, muka ɗauke su muka gina manhaja a kai. Matsalolin gaske kuwa ba yadda za a yi mu gan su. Agogon nan mu muka sa shi, mun san yana nan, muna sauri ba tare da mun lura muna sauri ba. Lambar tabbatarwa a wayar gwaji guda ɗaya ce kullum, mun haddace ta, ba mu taɓa fita neman saƙo ba. Ƙyalle ya rufe mana ido, bai rufe abin da ke cikin kanmu ba. Daƙiƙun da dogayen bayanaina suka ci, su ne daƙiƙun da take buƙata ta shigar da lamba.

Abin da ya ƙara mini takaici, duk wannan a rubuce yake. Ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet, waɗanda aka yi don sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet amma ake bin su a manhajojin waya ma, tun bugun 2008 suka ce sautin da ke tashi da kansa ya wuce daƙiƙa 3 dole a ba mutum hanyar tsayar da shi ko rage shi. Suka ce in akwai wa'adin lokaci, a bar mutum ya kashe shi, ko ya tsawaita, ko a gargaɗe shi a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari. Bugun 2018 ya ƙara cewa saƙon da ke sanar da halin da ake ciki ya zama manhajar karanta allo za ta iya faɗarsa. Na san waɗannan, na karanta su. Amma da na'urar dubawa ta nuna komai lafiya sai na saki jiki, alhali ita ba ta san agogo yana gudu ba, ba ta kuma iya gane cewa sunan maɓalli ya yi tsawo.

Daga baya na ci karo da binciken Arielle Silverman da abokan aikinta na 2015. Ita kanta makauniya ce. Sun gano cewa mutanen da aka ɗaure wa ido na ɗan lokaci sun fito suna ganin makafi ba za su iya aiki ko zaman kansu ba, fiye da yadda waɗanda ba a ɗaure wa ba suke gani. Da na karanta sai na ga hotonmu mu huɗu. Tausayi muka fito da shi daga ɗakin nan, kuma tausayin ne ya sa muka raina gwanintar mutanen da muke cewa muna yi wa aiki. NVDA, manhajar karanta allon kwamfuta ta kyauta da ake amfani da ita a faɗin duniya, makafi biyu ne 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sauran biyun ma sun nuna mana nasu. Ɗaya yana gani kaɗan, ya ninka girman rubutun wayarsa, sai maɓallin “Tabbatar” ya zame ƙasan allo ba ya jawuwa. Ɗayan dattijo ne mai rawar hannu, ranakun kalanda sun matsu da juna, in ya nufi 14 sai ya taɓa 15. Babu ɗayan waɗannan da ƙyalle zai nuna.

Muka nemi a ɗaga ranar miƙa aiki, aka ɗaga, ba da daɗin rai ba. Cire abin da muka yi mako bakwai muna sawa kwana huɗu ya ɗauka. Maɓalli ya koma “Ci gaba”. Muryar maraba ta tafi gaba ɗaya. Aka yi wa kanun magana alama, agogo ya koma yana sanarwa in saura rabin minti, da maɓallin neman ƙarin lokaci. Wannan na ƙarshen, masu gani ma sun fi kowa taɓa shi, musamman wanda saƙonsa ya makara ko mai riƙe da yaro a hannu ɗaya.

Idan wani zai ɗauki wani abu daga nan, to kada ya ce nemo mutanen zai ci lokaci. Kiran waya biyu ne ya haɗa ni da ƙungiyar nan, kiran da na ƙi yi wata biyu kafin nan. A kira su tun ana zane a takarda, a bar su da wayoyinsu da saitinsu, a biya su kuɗin lokacinsu kamar kowane ƙwararre. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne, kusan kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, ke rayuwa da wata babbar lalura ta nakasa, kuma manhajar ganin likita su ta fi shafa. Kunna TalkBack da kanka yana da amfani, in dai don ka duba ko maɓalli yana da suna ne. Ban ƙara yarda a ɗaure ido a ɗakin aikinmu ba.

Malamar ta dawo bayan mako uku. Ta kama layi a karo na farko, agogo bai ko kai ga yin gargaɗi ba. Sai ta ce kalandar har yanzu tana karanto mata lambobi tsirara, ba ta faɗin ko Litinin ce ko Talata, don haka sai ta ƙirga da ka. Mun rubuta. Shafin soke layi da muke shirin farawa kuwa, ita da dattijon nan muka fara karanta wa tsarinsa, tun ba a rubuta ko layi ɗaya na manhajar ba, kuma tuni ta sa muka cire mataki guda daga ciki.